Ɓoye sawun kuɗin kirifto: Laifin maƙeri ne ko na mai riƙe da wuƙa?

A ranar 6 ga watan Agustan 2025 ne wata kotun tarayya a birnin New York na ƙasar Amurka ta samu wani masanin kwamfuta mai suna Roman Storm da laifin haɗa baki wajen gudanar da sana'ar aika kuɗi ba tare da lasisi ba, laifin da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 5.

Babu wanda ya zargi Mista Storm da satar ko sisin kwabo. Abin da ya kai shi gaban alƙali shi ne wata manhaja mai suna Tornado Cash, wadda shi da wasu abokansa biyu suka rubuta, suka sake ta a intanet a shekarar 2019, domin ɓatar da sawun kuɗin kirifto. Masu gabatar da ƙara sun ce ɓarayi da masu kutse sun bi ta cikinta sun halatta kuɗin haram sama da dala biliyan ɗaya.

Sai dai masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun kasa cimma matsaya kan tuhume-tuhume biyu mafi girma, wato haɗa baki wajen halatta kuɗin haram, da kuma karya takunkumi. Mutum 12 sun shafe kwanaki suna tattaunawa, amma suka tashi baram-baram kan tambayar da ke gindin shari'ar: idan maƙeri ya ƙera wuƙa, wani ya saya ya yi kisa da ita, ina rabon maƙerin a cikin alhakin?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kudancin jihar Katsina, ko da kuwa ba su taɓa jin sunan Tornado Cash ba. A shekarar 2021 hukumomi sun amsa irinta a yankinsu, kuma mai sayar da fetur da mai cajin waya da dillalin shanu ne suka ɗanɗana kuɗar amsar.

Rumbun da ba shi da mai gadi

Mutane da yawa sun ɗauka cewa kuɗin kirifto kuɗi ne na ɓoye. A gaskiya manyansu, irin su Bitcoin da Ether, a fili suke tafiya. Duk wata hada-hada ana rubuta ta a wani kundi na intanet da kowa ke iya dubawa. Sunan mutum ba ya fitowa, lambar asusunsa ce ke fitowa, amma da zarar wani ya san lambar, zai ga nawa ne a ciki, daga ina suka zo, kuma wa aka tura wa, tun daga ranar da aka buɗe asusun.

Wannan gibi ne Tornado Cash ta zo cikewa. Kwatankwacinta shi ne mutane dubu su zuba tiya ɗai-ɗai ta gero a rumbu guda, a ba kowa wata alama ta sirri, sannan wanda ya ga dama ya zagayo ta wata ƙofa daban ya nuna alamarsa ya ɗebi tiyarsa. Mai kallo daga waje zai ga masu zubawa, zai ga masu ɗiba, amma ba zai iya cewa wane ne ya ɗebi na wane ba.

Ɗan canji a Wapa ta Kano, ko mai aika kuɗi zuwa Yamai ko Jidda, yana karɓar kuɗin da hannunsa, ya san fuskar mai kuɗin, yana kuma iya cewa a'a. Ita kuwa Tornado Cash babu mutum a tsakiya. A watan Mayun 2020 waɗanda suka ƙera ta suka lalata makullan da ke ba su ikon sauya ainihin manhajar, ta yadda su kansu ba za su iya tsayar da ita ba, balle su mayar da kuɗin wani. A kan wannan batu ne lauyoyinsu suka jingina kusan dukkan hujjarsu.

Kotuna sun saɓa wa juna

A ranar 8 ga watan Agustan 2022, ma'aikatar baitulmalin Amurka ta ƙaƙaba wa Tornado Cash takunkumi, tana mai cewa an bi ta cikinta da kuɗin da suka haura dala biliyan 7, ciki har da dala miliyan 455 da ƙungiyar masu kutse ta Lazarus, mai alaƙa da gwamnatin Koriya ta Arewa, ta sace. Bayan kwana biyu aka kama ɗaya daga cikin masu manhajar, Alexey Pertsev, ɗan ƙasar Rasha, a birnin Amsterdam.

A watan Mayun 2024 wata kotu a ƙasar Holan ta yanke masa hukuncin ɗaurin wata 64. Alƙalan ba su karɓi misalin wuƙa da maƙeri ba. A ganinsu manhajar da kanta ce ke aikin ɓoyewar, kuma wanda ya tsara ta ya san ɓarayi na tururuwa zuwa cikinta, amma ya ci gaba da inganta ta ba tare da ya kafa wani shinge na kirki ba. Mista Pertsev ya ɗaukaka ƙara, kuma a watan Fabrairun 2025 aka sake shi daga kurkuku bisa sharaɗin sanya masa na'urar bin sawu.

A Amurka kuwa, wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a watan Nuwamban 2024 cewa ma'aikatar baitulmali ta wuce gona da iri, domin manhajar da babu mai iya sauya ta ba dukiyar kowa ba ce, don haka dokar takunkumi ba ta hau kanta ba. A watan Maris na 2025 aka janye takunkumin. Amma hakan bai hana a gurfanar da Mista Storm ba.

Masu gabatar da ƙara a New York sun ce batun ya wuce rubuta manhaja. Sun ce masu Tornado Cash sun ci gaba da gudanar da shafin intanet da akasarin jama'a ke shiga ta cikinsa, suna biyan kuɗin tafiyar da shi, suna kuma cin riba daga wani sulalla na kirifto mai suna TORN da ke da alaƙa da manhajar, alhali sun san kuɗin sata na wucewa. Har wata riga mai hoton injin wanki da Mista Storm ya taɓa sanyawa sai da aka nuna wa kotu. Hujjar tasu dai ita ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shari'ar da ta fi sauƙi ita ce ta masu wata manhajar, Samourai Wallet. An kama Keonne Rodriguez da William Hill a watan Afrilun 2024, suka amsa laifi, kuma a watan Nuwamban 2025 aka ɗaure na farko shekara 5, na biyu shekara 4. Su kam an samu saƙonninsu suna tallata hajarsu ga masu laifi, kuma suna karɓar la'ada kan kowace hada-hada.

Abin da aka gwada a Katsina

A daren 11 ga watan Disamban 2020 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai zuwa daji, a daidai lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ke ziyara a Daura. A ranar 17 ga watan aka sako yara 344. Gwamnati ta ce ba ta biya ko kwabo ba, ko da yake wasu rahotannin jaridu sun ce an biya.

Daga wannan lokaci ne hukumomi suka fi karkata ga wata dabara: tunda kama ɗan bindiga a daji yana da wuya, to a datse kayan da yake aiki da su.

Kwanaki kaɗan bayan harin na Ƙanƙara, gwamnatin tarayya ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa. A ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan wata doka da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har ma aka hana sana'ar cajin waya a wurare da yawa.

Babu shakka 'yan bindiga na amfani da waya da fetur da babur da kasuwar shanu. Amma manomi ma da su yake rayuwa. Tsawon watanni mutanen ƙauyuka ba su da hanyar kiran jami'an tsaro idan an kawo musu hari, masu sana'ar POS suka nannaɗe tabarmarsu, mai son yin waya sai ya yi tafiya mai nisa ya nemi inda akwai sabis. Su kuwa na cikin daji ba su daina kai hare-hare ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, har dai daga baya aka mayar da layukan.

Haka aka sake yi a faɗin ƙasa a watan Oktoban 2022, lokacin da gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira, yana mai cewa matakin zai rage biyan kuɗin fansa. Jama'a sun kwana a layin banki a farkon 2023, amma satar mutane ba ta tsaya ba. A watan Janairun 2024, tsohon ministan sadarwa Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa aka fara haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara yadda ya kamata.

Wannan koke na tsohon ministan na da muhimmanci ga muhawarar. Miliyoyin mutane sun miƙa sunansu da hotonsu da zanen yatsunsu, amma masu garkuwa da mutane sun ci gaba da ciniki da iyalai ta wayar salula, wani lokaci har tsawon makonni.

Wa ke buƙatar sirri?

Masu goyon bayan ɗaure irin su Mista Storm kan ce mai gaskiya ba shi da abin ɓoyewa. Wanda ya zauna a Faskari ko Sabuwa zai yi wuya ya yarda da wannan magana.

Da ɗan gari akan ci gari. Gwamnatocin Katsina, daga ta Masari har zuwa ta Dikko Umaru Raɗɗa, sun sha nanata cewa masu kai wa 'yan bindiga bayanai na daga cikin manyan abubuwan da ke rura wutar matsalar. Abin da ɗan leƙen asirin ke sayarwa kuwa shi ne labarin aljihun mutane: wane ya sayar da masara buhu kaza, wane ya kai shanu kasuwa, wance ɗanta ya turo mata kuɗi daga Legas. A irin wannan wuri, mutum ya san cewa bayyanar dukiyarsa na iya zama sanadin kwanansa a daji.

Idan aka ɗora wannan kan kundin kirifto da kowa ke iya dubawa, za a ga dalilin da ya sa wasu ke neman manhajar ɓoye sawu ba tare da sun saci komai ba. Duk wanda ka taɓa biya sau ɗaya ya san lambar asusunka, kuma daga nan ya san abin da ka mallaka. A ƙasar Faransa, a watan Janairun 2025, an sace David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Ledger mai ƙera na'urar ajiye kirifto, har aka yanke masa yatsa ana neman fansa. Vitalik Buterin, wanda ya jagoranci ƙirƙiro Ethereum, ya ce shi kansa ya yi amfani da Tornado Cash wajen tura gudunmawa ga Yukren. A Najeriya ma, lokacin zanga-zangar EndSARS a watan Oktoban 2020, masu tara gudunmawa sun koma karɓar Bitcoin bayan an toshe hanyoyinsu na banki.

A ɗaya ɓangaren kuma, kuɗin fansa a dazukan Katsina da Zamfara a jaka da buhu ake kai shi, sau da yawa a haɗa da babura da katin waya da kayan abinci. Takardar naira ta fi kowace manhaja ɓatar da sawu, kuma babu wanda ya taɓa tunanin gurfanar da masu buga ta. To sai dai wannan ba ya nufin al'amarin zai dawwama a haka. Tun a watan Satumban 2019 rahotanni suka ce an biya dala dubu 15 ta Bitcoin kafin a sako 'yar wani ɗan siyasa da aka sace a Abuja. Kamfanin bincike na Chainalysis ya sanya Najeriya a matsayi na biyu a duniya wajen rungumar kirifto a shekarar 2024, inda ya ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 59 sun shigo hannun 'yan ƙasar cikin shekara guda. Matasan arewa ma ba a bar su a baya ba, kamar yadda duk wanda ya ga zazzaɓin “mainin” na 2024 zai shaida. Ranar da masu garkuwa za su gane cewa karɓar fansa ta waya ya fi aika yaro bakin daji sauƙi, iyalan waɗanda aka sace su ne za su fi kowa son a iya bin sawun kuɗin.

Inabi da giya

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan mas'ala a ƙarƙashin ƙa'idar toshe kafar ɓarna. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, bai halatta a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi ba, haka ma makami ga wanda aka san fashi zai yi. Amma Imam al-Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rayu a Masar a ƙarni na 13, ya yi bayanin cewa akwai kafofin da malamai suka haɗu kan ba a toshe su, kuma misalin da ya bayar shi ne noman inabi: ba a hana shi baki ɗaya don tsoron giya.

Ma'aunin ke nan: me mai sayarwa ya sani, kuma yana da ikon hanawa ko ba shi da shi? Idan aka duba da kyau, kusan a kan waɗannan abubuwa ne shari'o'in Turai da Amurka suka rataya, tare da na uku, wato ko ya ci riba. Masu Samourai sun sani, sun tallata, sun karɓi la'ada. Yaron da ke cajin waya a tashar Ƙanƙara ba ya tambayar mai waya sana'arsa, ba kamar wanda ke ɗaukar jarkokin fetur cikin dare ya kai daji a kan ninkin farashi ba.

Inda Tornado Cash ta rikita lissafi shi ne, masu ita sun sani, amma sun riga sun cire wa kansu ikon hanawa tun kafin manyan ɓarayin su iso. Masu kare su na cewa ba a tuhumar mutum kan abin da ba shi da iko a kai. Masu suka kuma na cewa wanda ya gina rumbu, ya jefa makullinsa a rijiya da gangan, ba zai zo daga baya ya kafa hujja da rashin makulli ba. Hujjar farko ta fi ƙarfi idan ana maganar ainihin manhajar. Ta biyu kuwa tana da nauyi a kan abin da ya rage a hannunsu, wato shafin shiga da kuma ribar, kuma da alama a nan ne ya fi dacewa shari'a ta tsaya. Hukuncin Holan ya zarce nan, kuma idan aka bi shi sau da ƙafa, zai yi wuya a ga inda zai bar masu rubuta manhajar sirranta saƙonni irin wadda WhatsApp ke amfani da ita.

Ina Najeriya ta dosa?

Manufar Najeriya kan kirifto ta sha sauyawa. A watan Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu hada-hadarsa, a watan Disamban 2023 ya janye haramcin, sannan a watan Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da hannayen jari. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ɗora wa kamfanonin kirifto nauyin sanin abokan hulɗarsu kamar bankuna, ita kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta ƙera ko rarraba manhajar da aka tsara domin aikata laifi. Kalmar “domin” ɗin nan ita ce za ta zama fagen daga tsakanin lauyoyi, duk ranar da aka gurfanar da wani matashi daga Kano ko Zariya kan manhajar da ya rubuta.

Abin da ya faru da Tigran Gambaryan ya nuna yadda hukumomin ƙasar kan ɗauki irin wannan lamari. Ma'aikacin kamfanin Binance ne, kuma tsohon jami'in binciken haraji na Amurka da ya yi suna wajen bin sawun kuɗin kirifto na masu laifi. Ya zo Abuja tattaunawa a watan Fabrairun 2024, aka tsare shi, hukumar EFCC ta tuhume shi tare da kamfanin kan halatta kimanin dala miliyan 35, ya shafe watanni a gidan yarin Kuje, kafin a janye tuhumar da ake masa a watan Oktoba saboda rashin lafiya. Shi bai rubuta manhaja ba, kuma ba shi ne mai kamfanin ba, amma shi ne hannu ya kai gare shi.

A Amurka, mataimakin ministan shari'a na wancan lokaci, Todd Blanche, ya fitar da wata takarda a watan Afrilun 2025 da ke cewa ma'aikatarsa za ta daina farautar masu irin waɗannan manhajoji saboda laifin masu amfani da su, kuma a watan Agusta wani babban jami'in ma'aikatar ya ce rubuta manhaja kawai, ba tare da mugun nufi ba, ba laifi ba ne. Sai dai takardar ma'aikata ba doka ba ce, wata gwamnatin na iya soke ta, kuma wata huɗu bayan fitowarta ne aka samu Mista Storm da laifi.

Ita kuwa Najeriya, sai a watan Oktoban 2025 ta samu fita daga jerin ƙasashen da hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram a duniya ke sa wa ido, bayan ta shiga jerin a watan Fabrairun 2023. Masu lura da al'amura na ganin zai yi wuya ƙasar da ta sha wannan wahala kafin ta wanke sunanta ta yarda a ga kamar tana sassauta wa manhajar ɓoye sawun kuɗi, ko da kuwa mai amfani da ita ɗan kasuwar hatsi ne daga Sheme da ke gudun kada a san abin da ya samu a kakar bana.